Ka kashe tukuna, mu duba daga baya: yadda garuruwan Amurka ke ɗaukaka ƙara idan FEMA ta ƙi mayar musu da kuɗin agajin gaggawa

Bayan mahaukaciyar guguwa ta wuce a gaɓar tekun Amurka, a ƙofar filin da ake jibge tarkace za ka ga an kafa wata 'yar hasumiya ta katako ko ta ƙarfe, da mutum tsaye a kanta, riƙe da alƙalami ko ƙaramar kwamfuta. Aikinsa guda ne. Duk tifar da ta iso da rassan itatuwa, kwanon rufi da katifu jiƙaƙƙu, zai leƙa bayanta daga sama ya ƙiyasta cikarta: ta cika maƙil ne, ko kashi 80 cikin 100, ko rabi. Tun kafin a fara aiki an auna kowace mota an manna mata lamba a jiki. Ya rubuta lambar, ya rubuta lokaci, ya haɗa da takardar da wani abokin aikinsa ya cike a titin da aka yi lodin. Wannan 'yar takarda ita ce kuɗi. Idan ta ɓata, ko aka manta ba a rubuta sunan titi ba, to shekara uku ko huɗu gaba wani jami'i da bai taɓa taka garin ba zai iya cewa wannan lodi bai tabbata ba, gwamnatin tarayya ba za ta biya ba.

A wannan hasumiya ake cin shari'ar da zan yi bayani, a nan kuma ake faɗuwa, tun ba a san za a yi shari'ar ba.

Mutane da yawa a wajen Amurka suna zaton da zarar bala'i ya auku hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, FEMA, ce ke zuwa da motoci da ma'aikata ta yi komai. Ba haka tsarin yake ba. Garin da abin ya shafa, ko gundumar, shi ke fitar da 'yan kwana-kwana, ya buɗe makarantu a tsugunar da jama'a, ya hayo janareta, ya ba da kwangilar share hanyoyi, duk daga aljihunsa ko da bashi. Daga baya ne zai tattara rasit ya miƙa wa jiha, jiha ta miƙa wa FEMA, a duba a mayar masa da abin da aka yarda da shi. Dokar da ta kafa wannan tsari ita ce dokar Stafford ta 1988, wadda ta ce gwamnatin tarayya za ta ɗauki aƙalla kashi 75 cikin 100 na kuɗin da ya cancanta, sauran kuma jiha da garin su raba tsakaninsu. Shugaban ƙasa na da ikon ɗaga kason zuwa 90, wani lokaci har 100. An raba ayyukan gida bakwai. Biyu na farko su ne na gaggawa, wato kwashe tarkace da matakan kare rai da dukiya, kuma wa'adinsu wata 6 ne. Sauran biyar na sake gini ne, irin su hanyoyi, gadoji, gine-gine da layukan ruwa da lantarki, wa'adinsu wata 18, ana kuma iya ƙarawa.

A takarda abin da sauƙi. Amma a duba ƙaramin gari kamar Mexico Beach na jihar Fulorida, mai mutum dubu ɗaya da 'yan kai, wanda guguwar Michael ta faɗa wa ranar 10 ga Oktoba 2018 ta kusan shafe shi. Kuɗin kwashe tarkacen garin kaɗai ya ninka kasafinsa na shekara sau da yawa. Akwai tanadin da FEMA kan tura rabin abin da aka ƙiyasta tun da wuri, kuma yana rage zafi, sai dai shi ma ba kyauta ba ne, a ƙarshe sai an kawo shaidar kowace dala. Gari irin wannan idan aka ƙi biyansa kashi 10 cikin 100 na abin da ya kashe, an ɗora masa bashin da zai jima yana biya.

Ƙin biya iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko yana faruwa tun daga ƙofa: gwamna ya roƙi shugaban ƙasa ya ayyana abin da ya faru a matsayin babban bala'i, fadar shugaban ta ƙi. Idan ba a ayyana ba, babu maganar mayar da kuɗi gaba ɗaya. A nan gwamna na da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara, sau ɗaya tak, kuma wanda ya ƙi ɗin shi zai sake dubawa. Wani lokaci ana dacewa. Da masana'antar takin zamani ta fashe a garin West na jihar Teksas ranar 17 ga Afrilu 2013, ta kashe mutum 15, akasarinsu masu aikin ceto, ta lalata makarantu da gidaje, an ba da taimakon gaggawa amma a watan Yuni aka ƙi ayyana babban bala'i, bisa hujjar cewa jihar na da ƙarfin ɗaukar sauran. Gwamna Rick Perry ya ɗaukaka ƙara, a farkon Agusta Shugaba Obama ya amince. Mutanen Flint na jihar Michigan ba su samu haka ba a Janairun 2016, lokacin da dalma ta gurɓata ruwan shansu. Doka ta ce babban bala'i shi ne wanda ya zo daga yanayi, ko kuma gobara, ambaliya da fashewa ko mene ne sanadinsu. Ruwan Flint kuwa shawarar mahukunta ce ta lalata shi, don haka bai shiga ko ɗaya ba. Gwamna Rick Snyder ya ɗaukaka ƙara, aka sake ƙi. Haka ma North Carolina bayan guguwar Helene ta Satumba 2024: an ɗauke mata kashi 100 na aikin gaggawa na kwana 180, Gwamna Josh Stein ya nemi ƙari, aka ƙi a Afrilu 2025, ya ɗaukaka ƙara aka sake ƙi a Mayu, kason ya koma 90. Wannan mataki siyasa na da hannu a cikinsa sosai, kuma ba shi ne ya fi damuna ba, domin gwamna na da lauyoyi, yana da sanatoci, yana da 'yan jarida.

Wanda ya fi damuna shi ne na biyu, wanda ba ya fitowa a labarai. An ayyana bala'in, an yi aikin, an biya 'yan kwangila, sai wata rana takardar hukunci ta iso ofishin ma'ajin gari tana cewa wannan kuɗi kaza bai cancanta ba.

FEMA kan yi tambaya huɗu a jere: mai neman ya cancanta, wurin ya cancanta, aikin ya cancanta, kuɗin ya cancanta. Idan ɗaya ta faɗi, sauran ba su da amfani. A kan aikin, sai an nuna cewa wannan bala'in ne ya jawo shi, cewa a yankin da aka ayyana aka yi shi, da cewa haƙƙin mai neman ne a doka ya yi shi. Sharaɗin ƙarshen nan ya kayar da mutanen kirki da yawa. Magajin gari ya ga unguwar da hanyoyinta mallakin mazauna ne ta toshe da itatuwa, tsofaffi ba sa iya fita, ya tura katafila. Ya yi abin da kowane mai tausayi zai yi. Amma tarkacen da ke kan fili ko hanya mai zaman kanta ba haƙƙin gari ba ne sai an cika wasu sharuɗɗa na musamman, don haka kuɗin na iya komawa wuyan garin. Haka coci ko masallacin da ya buɗe ƙofarsa ya ciyar da jama'a, kamar yadda masallatan Houston suka yi lokacin guguwar Harvey a 2017. Tun 2018 wuraren ibada sun samu damar neman kuɗin gyaran gininsu kamar sauran ƙungiyoyin sa-kai, amma tsugunar da jama'a da ciyar da su a doka aikin hukuma ne. Ƙungiyar da ta yi shi, hanyar da kuɗinta zai dawo ita ce ta hannun hukumar da ta sa ta, da yarjejeniya a tsakaninsu. Wanda ya buɗe ƙofa don Allah cikin dare bai tsaya neman sa hannun kowa ba.

Sai albashi. A matakan kare rai, ma'aikacin dindindin da dama yana cikin kasafin gari ba a mayar da albashinsa na yau da kullum, sai kuɗin ƙarin awoyin da ya yi. Hujjar ita ce ko ba bala'i dama za a biya shi. To amma ƙarin awoyin ma sai an nuna wane ne, wace rana, awa nawa, a ina, yana yin me, kuma tsarin biyan ƙarin awoyin ya kasance a rubuce tun kafin bala'in, ba wanda aka ƙirƙiro don an ji tarayya za ta biya ba. Ɗan kwana-kwanan da ya kwana biyu yana ciro mutane daga ruwa, idan abin da aka rubuta a takardarsa shi ne "aikin guguwa, awa 16" kawai, mai bincike na iya cewa bai wadatar ba. Motoci da injina su ma haka: ana biya bisa wani jadawalin farashi na kowace awa, kuma awoyin motar sai sun yi daidai da awoyin direbanta.

Kwangila ita ce babban rami. Duk wanda zai taɓa kuɗin tarayya sai ya bi ƙa'idojinta na ba da kwangila: a tallata, a yi gasa a fili, a kwatanta farashi, a saka wasu sharuɗɗa a cikin takardar. An yarda a tsallake gasa idan rai na cikin haɗari, amma na ɗan lokacin da haɗarin ke nan kaɗai, kuma sai an rubuta dalili. Gari da yawa kan ɗauki ɗan kwangila a ranar farko ba gasa, abin da ba laifi, sai su bar shi yana aiki wata huɗu a kan wannan yarjejeniyar, daga nan laifi ya shigo. Akwai kwangilar da aka haramta kwata-kwata, wadda ribar ɗan kwangila kaso ce na abin da ya kashe, domin duk yadda ya ƙara kashewa haka ribarsa ke ƙaruwa. Kwangilar biya bisa awoyi da kayan aiki kuma sai an sa mata iyakar da ba za ta wuce ba. Gundumomin da suka saba da guguwa sun koyi darasi, suna yin gasar tun lokacin da sama ke garau, su ajiye 'yan kwangila a jiran ko-ta-kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai wannan dabara ta wanda ya saba ce kuma yake da ma'aikata. Garin kan dutse da bai taɓa ganin irin ambaliyar da Helene ta kawo ba, wa zai ce masa ya tanadi kwangilar kwashe tarkace?

Ƙa'idojin sun kai har kan bishiya ɗaya ɗaya. Shekaru da dama abin da littafin FEMA ya tanada shi ne ba a biyan kuɗin sare bishiyar da ta karkata sai karkatar ta wuce digiri 30 kuma kaurinta ya kai inci 6, ba a biyan cire reshen da ke lilo sai kaurinsa a wurin karayar ya kai inci 2 kuma yana barazana ga inda jama'a ke bi, kututture kuma sai rabin saiwarsa ko fiye ya fito waje. Kowanne da hotonsa da lambobin da ke nuna inda yake a taswira. Idan an sare bishiyar an niƙa ta ba a ɗauki hoto ba, shaidar ta tafi har abada.

Sauran dalilai biyu ba sa buƙatar dogon bayani. Doka ta hana a biya abu ɗaya sau biyu, don haka ana cire duk abin da inshora ta biya, ko wanda ya kamata ta biya, da duk abin da wata hukumar tarayya ta ɗauka. Sannan FEMA ba ta biyan lalacewar da ta riga bala'in: idan kwalbati ya rufta, za a tambayi takardun kula da shi na shekarun baya.

To, takardar ƙin biya ta iso. Daga ranar, mai neman na da kwana 60 ya rubuta ƙararsa. Ba kuka ake so ba, ba kuma labarin wahalar da aka sha ba. Ƙa'ida ta ce ƙarar ta faɗi adadin kuɗin da ake jayayya a kai, ta nuna sashen doka ko ƙa'ida ko manufar da hukuncin ya saɓa wa, ta kuma zo da shaidu a rubuce. Ba kai tsaye ake tura wa FEMA ba, sai ta bi ta hannun jiha, jihar ta ɗora nata ra'ayin ta miƙa cikin nata wa'adin. Ƙarar farko na zuwa wajen shugaban shiyya, ɗaya daga cikin shiyyoyi 10 na hukumar, wato ofishin da ma'aikatansa suka yanke hukuncin tun farko. Idan ya ƙi, akwai wasu kwana 60 na ɗaukaka ƙara ta biyu zuwa hedikwata a Washington. Hukuncin hedikwata shi ne na ƙarshe a cikin hukumar. Hukunce-hukuncen mataki na biyu ana wallafa su a intanet, kuma masu wayo kan karanta su kafin su rubuta tasu ƙarar, su nemo wadda ta yi kama da tasu aka ci.

A nan ne rashin daidaiton yake, kuma shi ne zuciyar maganata. Doka ɗaya ce ta ba mai ƙara kwana 60, ta ba FEMA kwana 90 ta yanke hukunci. Idan gari ya makara, ana iya korar ƙararsa ba tare da an kalli ko yana da gaskiya ba, kuma an sha ganin garin da ya miƙa tasa a kan lokaci amma jiha ta yi jinkirin turawa, aka ce ta makara. Idan FEMA ce ta makara fa? Babu tara, babu cewa ƙarar ta ci da kanta. Tana ma iya sabunta agogon: cikin kwana 90 ɗin ta aiko da neman ƙarin bayani, bayan an kawo a fara sabon lissafi. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya duba wannan a rahotonsa na ƙarshen 2017. Daga Janairun 2014 zuwa Yulin 2017 an shigar da ƙararraki sama da 1,400, kuma kashi 9 cikin 100 kacal na matakin farko da kashi 11 na mataki na biyu aka yanke cikin wa'adin da doka ta gindaya. Wato a kowace ƙara goma, kusan tara hukumar ta karya wa'adinta, alhali tana korar wasu saboda sun karya nasu. Ban ga yadda za a kira wannan adalci ba.

Mai karatu zai ce a tafi kotu mana. Ƙofar kotu a tsuke take. Dokar Stafford ta kare gwamnati daga ƙara a kan duk hukuncin da aka bar wa ganin damar jami'anta, kuma alƙalai sun sha cewa yanke abin da ya cancanci tallafi yana cikin wannan rukuni. Tsawon shekaru, saboda haka, FEMA ce mai ƙi, ita ce mai sauraron ƙara, ita ce mai maganar ƙarshe.

Abin da ya fasa wannan shi ne rikicin asibitin Charity na New Orleans, tsohon ginin 1939 da talakawan birnin suka dogara da shi, wanda aka rufe bayan guguwar Katrina ta Agusta 2005. Wannan rikicin sake gini ne, ba na aikin gaggawa ba, amma daga gare shi hanyar ta samo asali. Akwai ƙa'idar da ta ce idan kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin gina sabo, to a biya na sabo. Jihar Luwiziyana ta ce ɓarnar ta haura rabi, ta nemi dala miliyan 492. FEMA ta ce yawancin lalacewar tsufa ne da rashin kula, ta tsaya a kan miliyan 150. Aka yi shekaru ana ja. A 2009 Sanata Mary Landrieu ta sa aka cusa wani sashe a dokar farfaɗo da tattalin arziki, wanda ya ba da damar kai rikicin guguwar Katrina da ta Rita gaban alƙalan raba gardama da ba ma'aikatan FEMA ba. A Janairun 2010 alƙalan suka ba jihar kusan dala miliyan 475. Tazarar da ke tsakanin 150 da 475 ta nuna abin da ke iya faruwa idan wani na waje ya karanta takardun nan guda. Sabon asibitin da ya maye gurbinsa bai buɗe ba sai Agusta 2015, shekara goma cif bayan guguwar.

A 2018 majalisa ta mai da wannan hanya ta dindindin ga duk bala'in da aka ayyana daga 2016. Bayan hukuncin ƙarar farko, mai nema na iya zaɓa: ko ya je hedikwata, ko ya je gaban alƙalan hukumar da ke sauraron rikicin kwangilolin gwamnati, CBCA, amma ba duka biyun ba. Hukuncin alƙalan ya ɗaure kowa. Idan kuma FEMA ta riƙe ƙarar farko fiye da kwana 180 ba amsa, yana iya janye ta ya wuce wajen alƙalan kai tsaye, kuma ta haka jinkirin hukumar ya zama yana da wani sakamako. Sharaɗin shi ne kuɗin da ake jayayya a kai ya haura dala 500,000, ko dala 100,000 ga yankunan karkara. Kowane ɓangare shi ke biyan lauyoyinsa da ƙwararrunsa ko ya ci ko ya faɗi. Ci gaba ne na gaske. Amma ƙaramar ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta sa-kai da aka hana dala 60,000 ba ta kai wannan ƙofa ba, kuma a wajenta dala 60,000 ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai abin da ya fi ƙin biya ciwo: a biya ka, ka kashe, a rufe littafi, sannan a dawo a ce ka maido. Ofishin Sufeto Janar na ma'aikatar tsaron cikin gida, wadda FEMA ke ƙarƙashinta tun 2003, kan binciki ayyukan da aka gama, ya ba da shawarar a ƙwato kuɗi, yawanci saboda an saɓa ƙa'idar kwangila. Dokar Stafford ta yi tanadin kariya: ba a ƙwato kuɗi idan an biya shi bisa yarjejeniyar da aka amince da ita, farashin bai wuce kima ba, kuma an cimma abin da aka ba da kuɗin dominsa. Shekaru FEMA na fassara wannan sashe yadda ya yi mata daɗi, har sai da hukumar kula da ruwa ta kudancin Fulorida ta kai ta kotu kan sama da dala miliyan 20 na gyaran magudanan da guguwowin 2004 da 2005 suka lalata. A 2014 kotun tarayya ta ce idan sharuɗɗan uku sun cika, hannun hukumar a ɗaure yake. Akwai kuma iyakar shekara 3 bayan miƙa rahoton ƙarshe na kashe kuɗi, wadda gyaran 2018 ya ce a lissafa ta a kan kowane aiki daban, ba a jira sai an rufe littafin bala'in gaba ɗaya ba, domin wannan kan ɗauki shekara goma ko fiye.

Annobar korona ta gwada tsarin fiye da kowace guguwa. An ayyana dokar ta-ɓaci ta ƙasa ranar 13 ga Maris 2020, daga baya dukkan jihohi 50 suka samu ayyanawar babban bala'i, abin da bai taɓa faruwa ba. A 2021 gwamnatin Biden ta ɗaga kason tarayya zuwa 100, ya koma 90 daga Yuli 2022, aka rufe lokacin a 11 ga Mayu 2023. Tsarin da aka gina don ƙidaya lodin tifa sai ga shi yana ƙoƙarin tantance albashin ma'aikatan jinya na haya, da raba abin da asibiti ya kashe daga abin da inshorar marasa lafiya ta riga ta biya. A Kalifoniya, tun Afrilu 2020 Gwamna Gavin Newsom ya ƙaddamar da shirin kama ɗakunan otal ana saka marasa matsuguni, musamman tsofaffi da masu cututtukan da suka daɗe a jikinsu, don kada cutar ta yi musu kisan kiyashi a cunkoson gidajen kwana. Birane da gundumomi suka kashe kuɗi da fahimtar cewa za a mayar musu. A Oktoba 2023, watanni bayan an rufe lokacin annobar, FEMA ta aiko da wasiƙa cewa daga Yunin 2021 zuwa Mayun 2023 zaman kwana 20 kawai za ta biya wa kowane mutum. Jami'an jihar sun ƙiyasta asarar za ta haura dala miliyan 300, suka rubuta suna neman a sake dubawa. FEMA ta ce ba sabuwar doka ta kawo ba, tsohuwar ta fayyace. Ko da an yarda da hakan, fayyacewar da ta zo bayan an biya masu otal ba ta da amfani ga wanda ya yanke shawara a 2021. Da an faɗa masa a lokacin, da ya san abin da zai yi: ko ya sallami mutanen, ko ya nemi kuɗin a wani wuri.

Ba ina cewa a daina bincike ba ne. Inda aka zuba biliyoyi cikin gaggawa ɓarayi na biyowa, kuma an kama 'yan kwangilar da suka ƙara wa lodi cika a takarda, da waɗanda suka kwashe sharar da ba ta guguwa ba. Mutumin da ke kan hasumiya ba don ado aka ɗora shi ba. Mai karatu a Najeriya ya san wannan ja-in-ja ta wata fuskar: jihohi sun yi shekaru suna bin tarayya kuɗin hanyoyinta da suka gyara, har a Yunin 2020 aka amince a biya jihohi biyar kimanin naira biliyan 148, tare da gargaɗin kada wata jiha ta sake taɓa hanyar tarayya tana sa ran a mayar mata. Duk gwamnatin da ke biyan abin da wani ya kashe dole ta tambayi shaida. FEMA ma ta sassauta a wasu wurare. A Agusta 2022 ta ɗaga iyakar abin da take kira ƙaramin aiki zuwa dala miliyan 1, wanda ya rage yawan takardun da ake nema a kan akasarin ayyuka, tana kuma barin awoyin 'yan sa-kai da kayan da aka ba da gudummawa su rage kason da ke kan gari, idan an rubuta su.

Abin da nake ƙi shi ne yadda nauyin kuskure da nauyin jira suka taru a wuyan wanda ya fi rauni. Babban birni na ɗaukar kamfanin ƙwararru, da yawansu tsofaffin ma'aikatan FEMA, ya biya su daga kashi 5 cikin 100 da doka ta ware wa mai nema don gudanarwa. Ƙaramin gari kuwa mace ɗaya ce magatakarda, ita ce ma'aji, gidanta ma ya rushe, jami'in FEMA da ta yi magana da shi a watan farko an mayar da shi wata jiha, wanda ya gaje shi ya ce bai san da wannan alkawari ba, kuma alkawarin baki ba ya ɗaure hukumar. Duk tsawon jiran, bashin da garin ya ci yana tara kuɗin ruwa, kuma kuɗin ruwan bashin aikin gaggawa galibi ba ya cikin abin da ake mayarwa. 'Yan majalisa daga Fulorida sun sha gabatar da ƙudurin a gyara wannan bayan abin da gundumominsu suka gani a guguwar Michael. Ko asusun agajin na tarayya kansa kan yi ƙasa: a Agusta 2023 da Agusta 2024 sai da FEMA ta dakatar da sakin kuɗin ayyukan sake gini na wani lokaci don ta tanadi na ceton rai.

Gyara uku nake ganin sun wajaba, kuma babu wanda zai buɗe wa ɓarawo ƙofa a cikinsu. Idan hukumar ta wuce wa'adinta, ta ɗauki kuɗin ruwan da jinkirin ya jawo wa mai ƙarar da ya ci. A yi wa kowane kashe kuɗi hukunci da ƙa'idar da ke rubuce ranar da aka kashe shi, duk fassarar da ta zo daga baya ta hau kan na gaba. Ƙananan ƙararrakin da ba su kai dala 100,000 ba kuma a samar musu alƙali guda na waje da zai duba takardu kawai, ba lauya, ba zaman sauraro, ya yanke cikin 'yan makonni.